Rariyar da ke Tsakanin Gida Biyu

An cike kududdufin da ke ƙarshen layin, aka dasa shaguna a kansa, ba a bar wa ruwa wurin zuwa ba. Ɓarnar ke nan, sauran duk biyo baya suka yi.

Ba wai akwai mai ƙaunar kududdufin ba. Wari yake yi, sauro yake haifarwa, duk mushen da aka rasa inda za a kai nan ake wurga shi. Ranar da tifofi suka fara juye shara da ɓaraguzai a cikinsa, mutanen layin har albarka suka sa. Abin da ba wanda ya tsaya ya duba shi ne, duk ruwan da ya sauka a unguwar, tun daga bakin titi har gangare, a nan yake kwana. Bayan kududdufin sai lambunan gefensa suka bi, aka yayyanka su filaye. Filin ƙwallo aka malale shi da kankare ya zama tashar mota. Aka zo gyaran titi, aka ɗaga shi har ya fi dokin ƙofar kowa. Duk ƙasar da ke shan ruwa an rufe mata baki. Da damina ta faɗi, ruwa ya gangaro yadda ya saba, ya tarar da bango, ya juyo ya shiga gidajen mutane.

An yi taro sau ɗaya, aka yi hayaniya, aka watse. Daga nan kowa ya koma ya ji da kansa. Mai hali ya cike tsakar gida da ɗakuna ya ɗaga rufi, marar hali ya ja bulo a bakin ƙofa yana tsallakawa. Kusan duk aikin nan hannun mutum ɗaya ne ya yi shi, Birkila, wanda gidansa ke can ƙasan layin. Duk wanda ya kira shi maganar ɗaya ce: “Ka dubi na maƙwabcina, ka ɗara shi da bulo ɗaya.” Sai ya duba, ya ja igiya, ya ɗara. Wanda aka ɗara, in rani ya zagayo, shi ma ya aika a kira shi. Haka layin ya riƙa hawa gida bayan gida. Birkila kuwa da yamma ya wanke cokalin gininsa ya gangara, ya san sarai inda ruwan da ya kora zai sauka. Aiki ne, in bai yi ba wani zai yi.

Gida biyu suka rage a ƙasa, nasa da na maƙwabcinsa Tela, bango ɗaya ya raba su. A gindin bangon akwai rariya, kafar da aka bari tun zamanin iyayensu don ruwan gidan Tela ya bi ta tsakar gidan Birkila ya faɗa kududdufi. Da kududdufin ya tafi sai rariyar ta sami wani aikin. Ruwa in ya cika gida ɗaya, ta nan yake bi ya shiga ɗayan, su daidaita. Abin da zai kai wa mutum ɗaya cinya sai ya tsaya wa mutum biyu a ƙwauri. Birkila ya san haka, Tela ma ya sani, amma ba su taɓa zama sun yi maganar ba.

Tela ya girme shi. Matarsa ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba, dangin da ya rage masa ɗan ƙanensa ne da ke wani gari. Idonsa ya yi rauni, sababbin yadi sun daina zuwa, sai faci da rage wando da sauya zif. Gidansa ginin ƙasa ne, tsoho, an dai shafe shi da siminti ta waje don ya yi kama da na mutane. Keken ɗinkinsa kullum yana kan bulo a bakin ɗaki.

In ruwa ya ɗauke, muryarsa ce take fara tsallako bango.

“Kwaɓau, kana raye?”

“Ina raye, Sarkin Faci. Ina ya kai maka?”

“Ya wuce idon sawu, yana neman ƙwauri. Kai fa?”

“Haka nan.”

“To madalla, an yi rabo da adalci. Akwai takalmina ɗaya da ya shigo wajenka, ka riƙe shi, kada ka sa. Na san halinka.”

“Wannan takalmin ko ruwan ma don dole ya ɗauko shi.”

Sai su jira kwatar layi ta ja baya, su ɗauki bokiti. Gidan Tela suke fara kwarfewa, domin ginin ƙasa ba ya son ruwa ya daɗe a gindinsa, sannan su dawo na Birkila. Kafin rana ta faɗi sun ga daɓe. Su zauna a benci ƙafafunsu sun yi fari sun yamutse, Tela ya dafa shayi, su zagi mutanen sama ɗaya bayan ɗaya. Tela ba ya mantawa ya ƙara da cewa ai babban munafukin shi ne wanda ya gina musu.

Matar Birkila ba ta gidan. Damina biyu ta yi tana tari, ƙafafunta suka kumbura, likita ya ce danshi ne. 'Yarsu ta zo da mota ta ɗauke ta zuwa inda take aure, can ɗaya ɓangaren birnin, a saman bene. A bakin ƙofa matar ta tsaya ta ce masa, “Ba yaji na yi ba, Malam. Ranar da gidan nan ya bushe, ka aiko.”

Tun daga ranar gidan ya yi masa yawa. Ɗaki uku, shi kaɗai. Gado a kan bulo, tabarmi a kan igiya, kowane bango da zanen inda ruwa ya taɓa tsayawa. Tukunya ɗaya yake dafawa, a ciki yake ci. Ya kunna rediyo, ba don yana saurara ba, don dai a ji wani yana magana. Wani lokacin ya dawo daga aiki ya yi sallama a ƙofar gidansa kafin ya tuna babu mai amsawa. Mutum ne da ya shekara talatin bai taɓa ce wa matarsa ya yi kewarta ba, yanzu kuma ba shi da bakin farawa. Abin da ya sani kawai yana son ta dawo, kuma ta faɗi sharaɗinta.

Da rani ya yi nisa ya shirya ya je duba ta. Mota biyu ya shiga, ya hau matakala yana haki. Ya tarar da ita ta yi haske, tarin ya tafi, tana zaune jika na wasa a cinyarta. Ɗakin da aka ba ta ɗan ƙarami ne, rabinsa kayan yara. Ta gaishe shi kamar baƙo, ta dube shi sama da ƙasa.

“Ka rame. Me kake ci?”

“Abinci.”

“Wa ke dafawa?”

“Ni.”

“Shi ya sa.” Sai ta tambaya, “Yaya Tela?”

“Yana nan da bakinsa.”

Surukinsa, mijin 'yar, direban tifa ne. Bayan an ci abinci ya gyara zama ya ce, “Baba, ana rushe wani tsohon bene a inda muke aiki. Ɓaraguzan nema ake a rabu da su. In ka yarda in juye maka a ƙofar gida, ba abin da za ka kashe. Sai dai ba su da yawa, gida ɗaya za su cike.”

'Yar ce ta karɓe.

“Baba, ka ɗaga gidan kowa a layin nan, har na wanda ba ya gaishe ka. Naka kaɗai ne a rami. Mama ta gaji da zaman ɗakin suruki, ba za ta faɗa maka ba ne kawai.”

“In na ɗaga, ruwan nawa ina zai je?”

“Inda na kowa ya je.”

“Gidan Tela zai je. Duka.”

“To Tela ne ya haife mu?”

“Ke, ki iya bakinki,” in ji uwar. Amma ba ta ce kada ya ɗaga ba. Ta sunkuyar da kai tana gyara wa jikan riga, kuma Birkila ya ga hakan.

A mota yana dawowa ya riƙa kallon birnin ta taga. Ko'ina haka yake. Inda ya san fadama, yanzu gidan mai ne. Inda ya san bishiyoyi, ɗakunan ajiyar kaya ne. Gidaje kowanne ya hau kan tudun da ya yi wa kansa, nan da can kuma sai ka hangi wani tsohon gida ya nutse a tsakani, tagoginsa daidai da tayar mota. Da ya ga irinsu sai ya kau da kai.

Ya kwana da maganar, ya tashi da ita, har mako ya zagayo. Ran nan da la'asar ya shiga wurin Tela, ya same shi yana fama da allura.

“Yauwa, zo ka zura min zaren nan. Idonka bai mutu ba, kanka ne dai.”

Birkila ya karɓa. Yatsunsa siminti ya cinye su, zaren sai zamewa yake yi. Da ƙyar ya zura, ya miƙa masa, ya zauna a bakin benci.

“Yaya.”

Tela ya ɗago. “Yau kuma Yaya? Wa ya mutu?”

Birkila ya gaya masa komai, bai rage ba. Tela yana ji yana juya wandon da ke hannunsa.

“Na ce ko mu raba cikon biyu,” in ji Birkila.

“Kai ne birkila, ni tela ne. Gaya min, in an raba akwai wanda zai kai bakin kwata?”

“Babu.”

“In ka zuba ciko a jikin ginin ƙasa fa?”

“Zai ci gindin bango.”

“To me kake tambayata?”

“Ka dawo wajena. Ɗakin yara babu kowa. Ka kawo kekenka.”

Tela ya yi 'yar dariya. “In bar ɗakin da matata ta cika a ciki, in je in tsugunna a ɗakin yaranka, matarka tana zuba min abinci kamar maraya? Ina da gida, Kwaɓau. Ba shi da kyau, amma ba wanda ya ba ni aro.” Ya ɗora wandon a keke. “Je ka ɗaga gidanka. Mace ta fi maƙwabci, ko ni ne haka zan yi. Ni da ruwa mun saba, ba ya cizo.”

Birkila ya san mutumin nan tun suna samari. Ya san in Tela ya ce ba komai, to da komai. Amma abin da yake son ji ke nan, sai ya ɗauke shi a yadda aka faɗa. Ya tashi ya ce sai an jima.

Tifa ta zo ta juye, layin ya toshe da fasassun bulo da guntayen kankare. Birkila ya fitar da kayan ɗakuna, ya kama aiki da baro da shebur. Mutanen sama suka riƙa leƙowa. Mai shayin layin ya ce, “Sai yanzu ka yi hankali.” Mai wanki ya ce ai da ma an daɗe ana mamakinsa. Ya ce musu to, ya ci gaba da tura baro.

Rariyar ya bari har ƙarshe. Ya cike ɗakuna, ya cike tsakar gida, ya bar ɗan rami a gindin bangon yana kewaye shi kamar bai gani ba. Amma ba ta baruwa. In bai toshe ta ba, ruwa zai riƙa shiga ƙarƙashin cikon ya zaunar da daɓen. Wata safiya ya kwaɓa siminti kaɗan, ya ɗauko rabin bulo, ya durƙusa. Ta ɗaya gefen keken Tela yana ta kara. Da cokali ya taɓa bakin rariyar sai keken ya tsaya. Birkila ya sunkuya ya leƙa. Ƙafafun Tela ya gani a tsaye daf da kafar, cikin tsohon silifa.



“Ka sa siminti da kyau,” in ji Tela. “Kada ka yi min irin aikin da kake wa mutanen sama.”

Ƙafafun suka juya suka tafi. Keken bai sake tashi ba a safiyar nan. Birkila ya tura bulon, ya cike gefe da gefe, ya shafe. Aiki mai kyau ya yi, domin bai iya wani iri ba.

Da ya gama daɓe, gidan ya zama wani abu daban. Rufin bai samu halin ɗagawa ba, don haka ɗakunan suka gajarce, sai ya sunkuya yake shiga. Bangon da ke tsakaninsa da Tela, wanda a da ya fi kansa, yanzu a ƙirjinsa ya tsaya. In ya fito tsakar gida, ko bai so ba, yana kallon cikin gidan Tela daga sama: keken, randar ruwa, igiyar shanya, da sanƙon tsohon.

Tela ya ɗaga kai ya gan shi. “Kwaɓau, ka yi tsawo.”

“Ƙasa ce ta tashi.”

“Yanzu in zan yi wanka sai na nemi izininka ke nan.”

Suka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Shayin yamma ya fara tsallake rana. Ba faɗa suka yi ba. Birkila ne in ya zo shiga sai ya ji ƙafarsa ta yi nauyi, Tela kuma bai aiko ba.

Birkila ya aika wa matarsa cewa an gama. Ta ce to, a bari a ga ruwan farko.

Ruwan farko ya zo ya wuce, bai taka kara ya karya ba. Na biyu ma haka. Sai da damina ta yi tsakiya, wata rana da azahar hadari ya haɗo, gari ya yi duhu, aka tsuge. Birkila yana tsaye a bakin ɗakinsa yana kallon abin da ya yi shekaru bai gani ba: ruwa yana sauka a tsakar gidansa yana gudu yana fita. Ya bi shi da ido har ƙofa. A waje ya haɗu da na layi, wanda ya taho daga titi da tasha da gidajen sama, ya je ya daki bayan shaguna, ya juyo. Ƙofa ɗaya ce ta rage masa a buɗe, ita ya shiga.

Ruwan ya tsagaita, Birkila ya kasa kunne. Ba muryar da ta tsallako bango. Ya taka ya leƙa. Tsakar gidan Tela ta zama tafki, benci yana yawo, randa ta kife. Tela yana tsaye a bakin ɗaki ya rungume kan keken a ƙirji.

“Sarkin Faci, ina ya kai maka?”

“Ba ka da ido ne? Ai daga sama kake.”

Ruwan ya kai masa cinya. Birkila ya naɗe wando ya zagaya, ya karɓi kan keken ya kai gidansa, ya dawo ya kwashi katifa da abin da ya samu. Kwatar layi ba ta ja baya ba ranar, ta cika ta batse, ba inda za a zuba ko da an kwarfe. Ruwan ya kwana a gidan. Washegari suka kama bokiti tun safe, su biyu, tsofaffi. Abin da a da suke gamawa kafin shayi ya huce, ranar suka wuni a kansa ba su ga daɓe ba.

Da ruwan ya sauka zuwa ƙwauri, Birkila ya zagaya ya dafa bangon ɗakin ta baya. Shafen simintin ya kumbura ya rabu da jikin ginin. Ya danna da yatsa, ƙasar ciki ta lotsa kamar kwaɓi.

“Yaya, kada ka kwana a ɗakin nan. Bangon ya sha.”

“Ya sha bara ma.”

“Bara bai kwana a ruwa ba. Na roƙe ka.”

Tela ya dube shi ya daɗe. Ko gajiya ce, ko roƙon ne, ya bi shi. Ya hau sabon dokin ƙofar da ƙyar, ya sunkuya ya shiga ɗakin yara, ya duba sama ya duba ƙasa.

“Ashe haka busasshen gida yake. To ba laifi. Sai dai kamar akwatin gawa.”

Ya ci abin da aka ba shi, ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Birkila ya ji wani sanyi a ransa, karo na farko tun da ya toshe rariyar. Ya ce a zuciyarsa in aka yi sa'a tsohon zai saba, ya zauna, matar ta dawo ta same su, shi ke nan kowa ya tsira.

Da safe rana ta fito fes. Birkila yana hura wuta ya ji ƙarar ƙofa. Ya fito ya leƙa ta kan bango, ya ga Tela yana ratsa caɓi zuwa ɗakinsa.

“Ina za ka?”

“Kayan mutane na cikin akwati. In suka yi fumfuna kai za ka saya musu?”

“Tsaya in zo.”

“Zauna, mai gidan sama. Yanzu zan fito.”

Ya shiga. Birkila yana tsaye a inda yake, hannunsa a kan bango, komai a idonsa ya faru. Bangon baya bai faɗi da ƙara ba, zama ya yi, kamar raƙumi ya durƙusa, rufin ya biyo shi. Ƙura ma ba ta tashi ba, domin duk ƙasar jiƙe take.

Bai san lokacin da ya haura bangon ba. Ya kama tono da hannu yana kiran mutane. Mai shayi ya zo, mai wanki ya zo, mutanen sama suka sauko da shebur. Suka ɗaga kwano da katako, suka same shi a kife kan akwatin, da ransa. Ginin ya danne shi daga ƙugu zuwa ƙasa.

A asibiti aka ce ƙafar dama ba ta gyaruwa, aka yanke ta. Birkila yana zuwa kullum da ɗan abinci a kwano, ya zauna a gefen gado. Tela ya koma ɗan mitsitsi a cikin zanen gado, ba ya tsokana, ba ya zagin kowa. Ran nan Birkila ya buɗe baki ya ce, “Yaya,” sai Tela ya ɗaga hannu.

“Wandon mai shayi yana saman akwatin, na gama rage shi. Ka wanke ka kai masa.” Ya rufe ido. “Ka je gida, Kwaɓau. Hadari nake ji.”

Ɗan ƙanen ya zo daga garinsu, mutum mai sauri, ga alama aiki ya baro. Ya yi wa Birkila godiya a tsaye, ya ce zai tafi da baffansa, ba yadda za a bar shi a nan. Ya sa keken a bayan mota, ya ce za a ga abin da za a yi da shi. Filin kuwa kafin damina ta fita ya sayar. Wanda ya saya ya turo tifofi, ya kawo birkilansa daga wani wuri, ya ce a dubi na maƙwabci a ɗara shi.

Matar Birkila ta dawo kafin a fara wannan ginin. Surukin ne ya kawo ta da kayanta. Ta sunkuya ta shiga ɗakinta, ta taɓa daɓen da tafin hannu, busasshe ne. Ta fito ta tsaya a bakin bangon tana kallon tulin ƙasa da karyayyun katako a ƙasanta.

“Rariyar fa?”

“Na toshe.”

Ta gyaɗa kai. Ba ta ce ya yi laifi ba, ba ta ce bai yi ba, ita ma ta san inda ta sunkuyar da kai. Ta ɗaura zane ta shiga wanke tukwane. Tarin bai dawo ba. Suna zaune lafiya, tana dafawa yana ci, in ya yi sallama ana amsawa. Da yamma kowa ya kama gefensa a tsakar gida, kuma ba mai zama ta wajen bangon.

Tela kuwa an sauke shi a wani ɗaki a bayan gidan ɗan ƙanen, inda ake ajiye buhuna da tsofaffin kujeru. Ba a wulaƙanta shi ba, ana kai masa abinci a kan lokaci. Amma ba wanda ya san shi a garin, ba wanda ya taɓa sa rigar da ya ɗinka, yaran gidan ma tsohon ɗakin baya suke ce masa. Bai sake taka keke ba. Da sanyi ya shigo ya kwanta, bai tashi ba, labarin kuma bai iso layin ba sai bayan an binne shi. Gidan Birkila ya bushe, matarsa ta dawo. Tela ne ya biya, da gidansa, da ƙafarsa, da mutuwa a cikin baƙi.